Ayabar Owendo

Nasiru, kai ka ja na zauna rubuta wannan babi. Ran da ka shigo da permi, wato lasisin tuƙin babbar mota, kana ta ɗaga shi sama, ina jin ka ta taga kana ce wa matarka, "Litinin in fita, Alhamis ina gida." Maganar nan na taɓa jin ta daga bakin babanku, Allah ya jiƙansa, a ɗakinmu na haya a unguwar London ta Libreville, kuma ita ta raba ni da yayarku Uwani shekara da shekaru. Na san abin da aka gaya muku. Dangin babanku suna cewa ni na jefa 'yata cikin jirgi don in zauna in ci duniya a Gabon. Nawa dangin kuma suna cewa shi ya zaɓi mota ya bar iyali. Dukansu ba su san komai ba, ba wanda ya taɓa taka Libreville a cikin masu faɗin haka, a Maraɗi suke zaune suna yanke hukunci. To ku ji daga bakin wadda aka yi abin a kanta.

Kafin shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, babanku taksi yake ja. Motar ba tasa ba ce, amma aiki ne mai kwanciyar hankali. Ya fita bayan asuba, da azahar ya biyo ya ci abinci, kafin isha'i yana gida. In ya ce miki ƙarfe kaza zai dawo, kina iya ɗora tukunya. Ni kuma ina soya ƙosai da fanke a bakin hanya, Uwani tana wasa a gefena, lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran ta komai sai "uwata". Wata safiya aka ce a rediyo kuɗinmu ya koma rabi. Ni dai na kwance bakin zanena na duba, takardar tana nan yadda na ɗaure ta, ko kusurwa ba ta ragu ba. Sai da na je sayen mai da fulawa na gane abin da suke nufi. Garin nan komai a jirgi yake zuwa, har albasa. Ba a jima ba giyar taksin ta lalace, mai motar ya ji kuɗin sabuwa, ya sa aka ɗora ta a kan duwatsu ya cire tayoyin ya sayar.

Babanku ba mutumin zama ba ne. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya gyara kujerar da ba ta karye ba, ya sake shiga. Ni ma da kuka sani ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba, sai muka dinga cin karo a cikin ɗaki guda. Wanda ya raba mu shi ne Malam Garba, maƙwabcinmu a gidan hayar, Bakano, tsohon direban motar gungume. Irin manyan motocin nan ne da ke shiga daji su ɗauko gumagumai su kai tashar jirgin ruwa ta Owendo. Ya kai babanku garejin maigidansa a Oloumi, tunda yana da permin babbar mota tun daga gida, ko da yake bai taɓa jan ta a dajin nan ba. Aka ce ya riƙa bin Malam Garba a gefe har ya san hanya, sannan a ba shi tasa.

Ran da ya dawo daga Oloumi, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya zauna a tsakar gida yana lissafa mini da yatsu yadda mai motocin ya faɗa masa: yini ɗaya tafiya, yini ɗaya lodi, yini ɗaya dawowa, yini ɗaya saukewa. Inna Kande, matar Malam Garba, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakinta. Dattijuwa ce mai jiki, ba ta ɓoye dariyarta. Ta ajiye farantin ta ce:

"Baban Uwani, shi mai motocin da ya yi maka wannan lissafi, ya taɓa kwana a shantiye?"

Ya ce, "Ai shi ya san aikinsa, Inna."

Ta ce, "Ya san motocinsa dai. To ka ƙara yatsu, ka ara na matarka Rabi, in ba su isa ba ga nawa."

Muka yi dariya, har shi. Amma gaskiyarta. Watannin da ya yi yana bin Malam Garba, a nan na koyi cewa tuƙi shi ne ƙaramin abu a aikin. Jira ne aikin. Su je shantiye, wato inda ake sare itace a daji, su tarar injin da ke ɗora gungume ya mutu, a zauna jiran makaniki daga gari. In an yi lodi ruwa ya sauko, sai a sauke bariya a hanya, wani dogon ƙarfe da ake tare manyan motoci da shi don kada su yi wa jar ƙasa kaca-kaca, kuma ba a ɗaga shi sai hanya ta bushe. A ƙasar da ruwa ba ya neman izini, kana ganin ta fara shan iska sai wani hadarin ya haɗo. Ga faci, ga gadar katako da za a tsaya a gyara, ga jandarma. In an tsallake wannan duka an iso Owendo, sai a shiga layi, kuma layin nan shi ne uban jira. Mota ba ta barin layi, direba ba ya barin mota. In aka matsa gaba ba ka nan, na baya su zagaye ka, ka koma ƙarshe, kuma in sabo ne kai, ka ajiye makulli ke nan. Duk wannan zama ba a biyan ka ko dala. Tafiya ake biya, in ka sauke.

Haka babanku zai dawo ya rame, wuyansa da hannuwansa duk cizon ƙananan ƙudajen daji, ya yi barci kamar an jefar da buhu. Amma halin ɗan taksi bai bar shi ba. Duk fita sai ya sa rana. Malam Garba ya sha hana shi a gabana.

"Kai yaro, daina sa wa mace rana. Ka ce mata sai ta gan ka."

Shi kuma ya ce ba zai iya fita gida ba tare da ya faɗi ranar dawowa ba, sai ya ji kamar gudu ya yi.

Akwai abu ɗaya da ke kwantar mana da hankali, mu matan. Direbobi suna sayen ayaba a ƙauyukan hanya, da araha, kai guda manya-manya. Da Malam Garba ya shiga layin Owendo sai ya tare taksi ya ba da kan ayaba a kawo London. Ba takarda, ba saƙon baki. Da mun ji taksi ya tsaya a ƙofar gida an sauke ayaba, mun san mutanenmu sun fito daga daji lafiya, suna cikin gari, saura layi. Duk matan direbobi haka suke ganewa. Inna Kande ta ce tun tana amarya haka ake yi. Uwani kuwa ba abin da take so kamar soyayyiyar ayabar nan, da ta ga an sauke sai ta hau tsalle tana cewa Baba ya kusa.

Ana cikin haka maganar sejur ta taso, wato katin zaman baƙo. Hukuma ta ce duk wanda ba shi da shi ya nema ko ya bar ƙasar, aka sa wa'adi. Na babanku yana da rai, mai motocin ya tsaya masa. Nawa ya daɗe da mutuwa, kuma kuɗin sabunta shi ya fi ƙarfin kaskon ƙosai. Gari ya rikice. Kowa ka gani yana sayar da katifa ko yana ɗaure kaya. Motoci suna zagaya kasuwanni ana tambayar takarda, wanda ba shi da ita a ce ya hau. Na daina fita suya. Yayana Sale, wanda ke da ɗan shago yana sayar da yadi, ya karyar da kayansa ya samo wuri a jirgin ruwan da zai kwashi mutane zuwa Kwatano ranar Asabar, daga can a hau mota zuwa gida. Bai yi shawara da kowa ba ya kama wuri har da ni da Uwani.

A makon nan ne, don ƙaddara, aka ba babanku motarsa shi kaɗai. Sabon direba kuwa an san rabonsa: motar da kowa ya ƙi, da shantiyen da ya fi nisa. Malam Garba an tura shi wata hanya daban. Da safen da zai fita Yaya Sale ya zo, suka tsaya a ƙofar ɗaki, ni ina ciki ina ɗaure masa garin rogo da ƙuli.

Yaya ya ce, "Ka bar su su bi ni. In ƙura ta lafa ka aika su dawo."

Babanku ya ce, "Yaya, tafiya ɗaya ce. Alhamis ina gida, Juma'a in kai ta a yi mata kati da kuɗin tafiyar. Ba inda za su."

Na leƙo na ce, "In ba ka zo ba fa?"

Ya ce, "Zan zo."

Na ce, "Malam Garba ya ce ka daina sa rana."

Ya ce, "Malam Garba tsoho ne, yana tsayawa shan shayi a kowane ƙauye."

Ya ɗaga Uwani sama ya ce mata, "Uwata, me zan kawo miki?" Ta ce ayaba. Ya ce babba, wadda ta fi ta tsawo. Ya sa kai ya fita.

Alhamis ta zo da ruwa. Tun safe nake jin ƙarar kowane taksi a cikin ƙirjina. In share ɗaki, in fito ƙofar gida, in koma, in sake share inda na share. Uwani ta gaji da bi na ta zauna a dokin ƙofa. Har rana ta faɗi ba ayaba, ba mai ayaba. Inna Kande ta ce in zauna, ina sa mata jiri.

"Rabi, wannan fa ba komai ba ne. Ruwan nan kaɗai ya isa ya riƙe su a bariya. Ni na taɓa yaye yaro Malam yana hanya."

Na ce, "Inna, lokacin ba jirgi ranar Asabar."



Ranar Juma'a da hantsi wani mai sayar da goro ya shigo da labarin da ya ƙarasa ni. Wai motar gungume ta kife bayan garin Kango, gumaguman sun murƙushe kan motar, direban baƙo ne, ba a san sunansa ba. Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na goya Uwani, duk girmanta, na ja mayafi na fita, Inna Kande tana kira na ban waiwaya ba. Ba kati, ba komai, na bi lunguna har Oloumi. A garejin na tarar da maigadi da wasu makanikai a ƙarƙashin wata mota. Suka ce su ma sun ji, amma motocin gungume a hanyar nan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma daji ba waya. Na ce su nuna mini gidan mai motocin. Suka kalli juna, ɗaya ya ce unguwar Batterie IV, amma ba a zuwa. Na ce yau za a je.

Unguwar nan ban taɓa shiga ba sai ran nan. Katanga dogaye, karnuka, titi shiru, ba mai tafiya a ƙasa sai ni, kowa ya gan ni ya san ba 'yar nan ba ce. Na tsaya a ƙofar gidan har ƙafafuna suka yi sanyi, sannan motarsa ta fito. Ban ce mutumin banza ba ne, ya tsaya, ya sauke gilashi, ya saurari Faransancina na kasuwa. Ya ce bai samu labarin motarsa ta faɗi ba, bai kuma samu labarin ba ta faɗi ba. Ya ce sabon direba a tsohuwar mota cikin ruwa, in ya yi mako biyu ma ba abin mamaki ba ne.

Na ce, "Kai ka ce masa yini huɗu."

Ya ce, "Madam, haka ake gaya wa kowa. In an faɗi gaskiya wa zai karɓi makulli?"

Ya ɗaga gilashinsa ya wuce. Wallahi da akwai dutse kusa da ni da na yi abin da za a kama ni da dalili.

A hanyar komawa na ga abin da ya yanke mini shawara. Kusa da wata 'yar kasuwa na hango motar masu duba takarda, na faɗa shagon wani tela na laɓe bayan zannuwa. Ta tsakanin yadi nake kallo. Akwai wata mata mai sayar da kifi, ban san ƙasarsu ba. Aka tambaye ta, ba ta da shi, aka ce ta hau. Tana ta nuna wani lungu da hannu tana magana, ba wanda ya fahimci yarenta. Bayan motar ta tashi sai ga yarinya ta fito daga lungun riƙe da gwangwanin ruwa, sa'ar Uwani, ta tsaya a gaban tiren kifin tana dube-dube. Mata suka taru a kanta. Ban san yadda ta ƙare ba, har yau ban sani ba. Na ji numfashin Uwani a bayan wuyana, tana barci.

Da na isa gida Yaya Sale yana jira, ransa a ɓace. Ya ce in haɗa kaya. Na ce masa ni ba zan tafi ba.

Ya ce, "Ke Rabi, kina da hankali kuwa?"

Na ce, "Yaya, in mutumin nan yana kwance a wani asibiti ba ƙafa, wa zai neme shi? In kuma ta Allah ta kasance, wa zai ce nasa ne? Baƙo ne. Sai dai a tura shi rami ba wanka ba salla. Ba shi da kowa a ƙasar nan sai ni."

Ya ce, "Yarinyar fa?"

Na ce, "Ita za ka tafi da ita. Ka kai wa Inna."

Innarmu nake nufi, kakarku ta Maraɗi. To kun ji. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya ba ni shawara, kuma ba duniya na tsaya ci ba. Na auna ne na ga in an kama ni ni kaɗai, jirgi za a sa ni, ƙarshenta gida. In an kama ni ita tana lungu, shi ke nan.

Asabar da safe muka tafi Owendo, ni da Yaya da Uwani, Inna Kande ta raka mu. Wani tsohon abokin babanku ɗan taksi ya ɗauke mu, ya ce zai jira ya maido mu. Masu zuwa jirgi ba a tare su a hanya, ai tafiya ake so su yi. Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba. Ƙullin kaya, keken ɗinki, tukwane, tsofaffi zaune a kan akwati, rana ta fito bayan ruwa tana dukan kowa. Can gefe, bayan wani dogon shinge na waya, ana hango layin motocin gungume, sun yi jere har inda ido ya ƙare. Na kama hannun Inna Kande na ce mu je mu duba.

Ta ce, "Ki ga jandarma a ƙofar can, kati suke tambaya. Kuma in yana cikinsu da ayaba ta zo. Watanni yana zaune kusa da Malam yana ganin yadda ake yi."

Na ce haka ne. Ni ma abin da na yi imani da shi ke nan. Na juya wa layin baya.

Na sa wa Uwani rigarta ta salla, na ɗaura mata layata a wuya, na ce za ta je ganin Inna ta Maraɗi, ni da Baba muna tafe a baya. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta tambaya kawai, in Baba ya kawo ayabar wa zai ci. Na ce zan ajiye mata. Yaya ya ɗora ta a kafaɗa ya shiga cikin mutane, ina ganin jan ɗankwalinta yana hawa tsani, har na daina gani. Da jirgin ya yi kuka ya fara ja da baya, na zauna a ƙasa cikin laka. Inna Kande ce ta ja ni zuwa taksi, ta kwantar da kaina a cinyarta ta rufe ni da mayafinta har London, kamar marar lafiya, don kada a tambaye ni takarda.

Sauran kun san shi, ko kun san rabinsa. An yi mini kati daga baya. Muka ce da an samu sarari za a ɗauko ta, sarari bai samu ba. Hanya ta yi tsada, aka haifi Habu, aka haifi Zinatu, Innarmu kuma ta riƙe yarinya ta ce ba mai raba ta da ita tana raye. Sai bayan rasuwar Innarmu ne Uwani ta dawo, ta yi tsawo, ta fara zama budurwa. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Ina wuni, Tanti." Kun sha jin tana kira na haka, kamar wata gwaggo, kuna dariya, kuna zaton wasa ne tsakaninmu. Ba wasa ba ne, bakinta ne bai saba da ɗayan sunan, na uwa, ba, ni kuma ban taɓa iya cewa ta canza ba. Ina jin zafin abin har gobe. Amma ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan tashin jirgin ce ban taɓa ba ku labari ba, babanku ma bai taɓa ba, har ya koma ga Allah.

Da hantsi ne. Ina zaune a ƙofar ɗaki, ban dafa komai ba tun Asabar, Inna Kande tana shanya. Sai na ji muryarsa daga ƙofar gida, da ƙarfinta, lafiya lau.

"Ina uwata? A fito a karɓi kaya."

Ya shigo da kan ayaba a kafaɗa, babba ƙwarai, ta nuna har ta fara baƙi. Kayansa duk jar ƙasa, ido ya faɗa, amma yana dariya. Na miƙe, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin sa da ƙafafunsa biyu. Sai kuma murnar ta koma ciki. Shi bai lura ba, yana ta zuba. Wai bariya ta riƙe shi, taya ta fashe sau biyu, motar da ta kife ya wuce ta a hanya, ta wasu ce. Wai da ya ga Alhamis ta wuce ko barci bai yi ba, ya yi ta turawa har ya shiga layin Owendo ranar Juma'a da la'asar.

Inna Kande ta saki zanen da ke hannunta. Ta ce, "Juma'a?"

Ya ce, "Juma'a, Inna. Layin ne bai motsa ba sai yau. An ce in na sauka na bar motar, aikin ya tafi, kuɗin katin Rabi ya tafi. Na ce tunda ina cikin gari ai shi ke nan, Yaya ba zai tafi da su ban zo ba."

Ta ce, "Ayabar fa? Me ya hana ka ba taksi?"

Ya kalli ayabar ya kalle ta. Ya ce, "Wannan ai ta uwata ce. Na ce da hannuna zan ba ta, in ga fuskarta. Malam ai don kada ya ɗauki nauyi yake ba taksi."

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Malam Garba ya koya masa canza giyar mota, ya koya masa gangara da lodi, ya koya masa yadda ake magana da jandarma, bai ga abin faɗa a kan ayaba ba, tunda kowa ya sani. Mu mata muna wannan gefe muna karanta ta, shi yana wancan gefe yana ganin cefane ne. Shi ya sa, Nasiru, ban damu da abin da mai motarka ya lissafa maka ba. Ka samu tsohon direba ka tambaye shi har abin da kake jin kunyar tambaya, kuma kada ka sa wa matarka rana.

Babanku ya ci gaba da magana, don shirun ya fara damun sa. Ya ce ranar Asabar ya hau saman gumaguman yana shan iska, ya ga jirgin mutanen da ake kora. Ya ce tun daga hawansu har tashinsa yana kallo, mata da yara kamar tururuwa, tausayi ya kama shi, ya ɗaga hannu ya roƙa musu Allah ya kai su lafiya, ya gode wa Allah da nasa suna gida. Yana faɗa yana leƙa ɗaki ta bayan kafaɗata. Ya ga tabarmar Uwani a naɗe. Ya ga ƙusar da muke rataye rigarta ta salla ba komai.

Ya ce, "Rabi, ina uwata?"

Na ce, "Tana cikin waɗanda ka yi wa addu'a."

Ya sauke ayabar a hankali a dokin ƙofa, inda take zama tana jiran sa, ya zauna kusa da ita a ƙasa. Tun daga ran nan har ya bar tuƙi, ayabarsa ba ta taɓa fashin riga shi zuwa gida ba. Ku kuka ci ta duka, ku da maƙwabta. Kun sha tambaya ta me ya sa nake soya muku ba na ɗanɗanawa, ina ce muku tana ɓata mini ciki. Lafiyar cikina ƙalau. Na ce wa yarinyar zan ajiye mata ne.